Mai Ido: Shugabar da Ta Kulle Ɗakin Gwaji

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya Shugaba, wadda dubban ɗalibanta suka fi sani da laƙabin Mai Ido, a farkon daminar shekarar 1944, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta, kan titin da ya miƙe daga tashar jirgin ƙasa zuwa babbar kasuwa. Mahaifinta tela ne da ya shahara wajen ɗinkin kayan 'yan makaranta da na ma'aikatan jirgi, mahaifiyarta kuwa ungozoma ce a asibitin gari. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya shida, kuma ta tashi ne a tsakanin ƙarar keken ɗinki da tarin ƙyallaye, ta yadda tun kafin ta iya karatu ta iya bambance yadin da zai riƙe launinsa da wanda zai koɗe a wankin farko.

A shekarar 1950 ne al'amarin da ya bi ta har ƙarshen rayuwarta ya fara bayyana. Wata safiya ana karin kumallo a tsakar gida, ta ɗaga kai ta dubi yayanta, babban ɗan gidan, sai ta ga launinsa ya janye, fata da riga gaba ɗaya, kamar zanen da aka manta a kan igiya rana ta cinye shi, alhali waɗanda ke zaune kusa da shi suna nan yadda suke. Ta ce, "Inna, Yaya ya koɗe." Mahaifiyar ta dafa goshin yaron ta ji lafiya lau, ta ce mata ta ci abincinta ta bar surutun banza. Kafin watan ya ƙare yaron ya bi abokansa wanka rafi, aka tsinci rigarsa a bakin ruwa, shi kuwa ba a sake ganinsa ba. Mahaifiyar ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta koma ga Mahaliccinta, sai dai daga lokacin, duk sa'ad da yarinyar ta ƙura wa wani daga cikin ƙannenta ido, takan kama haɓarta ta juyar mata da fuska gefe.

Neman Ilimi

An sa ta a firamare a shekarar 1951, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1958, inda malamanta suka shaide ta da natsuwa da kaifin basira a fannin lissafi, suka kuma yi ta yi mata faɗa a kan ɗabi'a guda, wato tafiya da kai a sunkuye da ƙin haɗa ido da jama'a. Ba su san cewa a cikin ɗaruruwan yara da wuya zango ya wuce ba ta ga wata ta koɗe ba. A nan ne ta fahimci cewa abin ba kullum yake nufin mutuwa ba. Abokiyar zamanta a benci ta koɗe dab da hutu, da aka dawo ba ta dawo ba. Bayan shekaru ta gamu da ita a layin famfo, da ranta da lafiyarta, amma da aka ambaci makaranta sai ta kawar da kai kamar an ambaci mamaci. Saboda haka ta yanke a ranta cewa wanda ya koɗe za a rasa shi ne, ko ta wace ƙofa, kuma ta ɗauka hukunci ne da aka riga aka zartar, babu abin da ya rage ga mai gani sai ya runtse ido.

A shekarar 1963 ta shiga kwalejin horar da malamai bisa shawarar mahaifinta, wanda ya ce ya gaji da ɗinka wa makaranta kaya ba shi da kowa a cikin masu koyarwa. Ta kammala a 1966 da sakamako mai daraja ta ɗaya.

Kama Aiki

A cikin shekarar ne aka tura ta babbar sakandaren jeka-ka-dawo da ke bayan masana'antar sabulu, makarantar da ta zame mata gida na biyu. Dogayen gine-gine ne guda uku masu baranda, sun kewaye filin taro, ga ofishin shugaba a ƙuryar hagu, ga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya shi kaɗai a can bayan filin ƙwallo. Tsarin wancan zamani mai sauƙi ne: a buga ƙararrawa, malami ya shiga ya yi darasinsa ya fita, wani ya shigo. Kowane malami ya san darasinsa, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin sanin yaro, don haka ɗalibi kan daɗe ba ya zuwa kafin wani ya lura an samu sarari a benci.

A zangon farko na 1967 wani ɗalibi da ke bencin ƙarshe na aji biyu ya koɗe a gabanta tana tsakiyar darasi. Maimakon ta kawar da ido kamar yadda ta saba, sai ta dawo da shi bencin gaba, ba don tana fatan wani abu ba, sai don kada ya tafi babu wanda ya san fuskarsa. Da ya matso kusa ta lura yakan karkatar da kai yana bin leɓenta da kallo. Ta kai shi asibiti, aka gano kunnensa ɗaya ya mutu tun yana ƙarami, ɗayan ma ya kama hanya, kuma duk dukan da yake sha a kan taurin kai bai ji umurnin ba ne tun farko. Aka yi masa magani, aka sanar da sauran malamai. Cikin 'yan makonni ta ga launi yana dawo masa, ya fara daga tafin hannu, ya hau wuya, ya cika fuska. An ce ranar da ta tabbatar da haka ta ajiye alli ta fita baranda ta daɗe a tsaye, har ɗalibai suka zaci an aiko mata da rasuwa ne. Daga ranar ta daina sunkuyar da kai, ta koma tsayawa a bakin ƙofar makaranta kowace safiya tana duban masu shigowa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya jawo mata laƙabin da ya danne sunanta na yanka.

Aure da Iyali

A shekarar 1968 ta auri mai ɗaukar hoton da makarantar ke gayyata a ƙarshen kowace shekara. Mafarin sabonsu shi ne takan je shagonsa ta karɓi hoton ajinta tun bai gama bushewa ba, ta kai shi bakin taga ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar masa ba ta ce uffan ba, har ya zaci aikinsa take rainawa. Sai bayan aure ta gaya masa gaskiya, cewa so take ta ga ko na'ura na kama abin da idonta ke kamawa, amma a hoto kowa yakan fito ras. Shi kaɗai ta gaya wa a tsawon waɗannan shekaru, kuma daga bakinsa ne, ta hannun babbar 'yarsu, wannan ɓangare na tarihin ya iso gare mu. Bai ƙaryata ta ba, bai kuma nuna tsoro ba. Cewa ya yi, "To Malama, ashe sana'armu ɗaya. Ni ina hana hoto koɗewa, ke kina hana masu hoton." Sai dai ya nemi alfarma guda, cewa duk ranar da ta ga haka a jikinsa kada ta faɗa masa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1969 da 1981.

A shekarar 1971 yara uku suka koɗe mata a zango guda. Biyu 'yan ajinta ne, ta bi su har gidajensu ta shawo kan matsalarsu. Ta ukun 'yar wani aji ce da take hangowa a baranda kawai, malamin ajin kuma sabon zuwa ne, da ta yi masa magana ya ce yarinyar ba ta da fitina kuma tana cin jarrabawa. Wata safiya yarinyar ta fito daga gida da jakar littattafanta, ba ta iso makaranta ba, ba ta kuma koma gida ba. Wannan rashi ne ya sa marigayiya ta tabbatar cewa gani kaɗai ba ya ceton kowa, kuma hannun mutum ɗaya ba zai kai ga kowane benci ba. A 1972 ta nemi gurbi a jami'a, ta karanci tsarin mulkin makarantu da ba da shawara ga ɗalibai, ta dawo bakin aikinta a 1975.

Shugabanci da Tsarin Makaranta

An naɗa ta mataimakiyar shugaba a 1978, sannan shugaba a 1983, kuma a wannan muƙami ne ta shimfiɗa tsarin da ake tunawa da ita a kansa. Farkon abin da ta canza shi ne matsayin malamin aji: ta hukunta cewa wanda ya karɓi yara a shekarar farko shi zai tafi da su har ta ƙarshe, ya san iyayensu, ya san hanyar gidajensu, ya san wanda ke tashi da ciwon kai da wanda ke zuwa ba karin kumallo. Ta raba aikin mataimaka biyu, ɗaya ya riƙe karatu, wato jadawali da jarrabawa da shugabannin sassan kimiyya da harsuna da sana'o'i, ɗayar ta riƙe walwalar ɗalibai. Ta kwashe tarkacen kujeru daga wani sito ta mai da shi ofishin ba da shawara, ta sa aka toshe ƙofarsa ta gaba aka huda wata ta baya, don kada 'yan aji su ga mai shiga. Ta samar da ɗakin jinya da ma'aikaciya ta dindindin, ta wajabta gwajin ido da na kunne ga duk sabon ɗalibi. Ta bar laburare a buɗe bayan an tashi saboda waɗanda gidajensu ba wurin karatu, inda manyan ɗalibai ke zama da ƙanana su warware musu abin da ya shige musu duhu. Ta hana ɗaga bulala a kan yaro kafin a ji dalilinsa, ta kuma kafa doka cewa duk wanda bai zo ba, kafin a tashi an aika gidansu.

Amma ginshiƙin tsarin shi ne zaman mako da ake kira Da'ira, saboda yadda ake jera kujeru ba gaba ba baya. Malaman aji ke halarta, da mai ba da shawara, da mai jinya, da mai laburare, da malamin wasanni, har da mai gadin ƙofa. Ba a tattauna zakarun aji a nan, ba a kuma tattauna fitinannu, domin a cewarta waɗannan suna da masu kula da su. Ana maganar waɗanda suka yi shiru ne. A farkon shekarun ita ke kawo suna, ta ce, "Ku duba mini wance ta aji uku." Malamin ajin yakan rantse yarinyar lafiyarta ƙalau, har malamin lissafi ya raɗa wa zaman suna asibitin Mai Ido, inda ake kwantar da mai lafiya. Amma idan aka bincika sai a tarar da uwa a kwance ba mai jinyarta sai yarinyar, ko wasu manya da ke tare ta a bayan bayi, ko idon da ya daina ganin allo. Daga nan sai a damƙa ɗalibin ga babba guda, wanda ake kira mai riƙo, shi zai riƙa ganinsa ido da ido kullum har sai Shugaba ta ce a sake shi. Babu wanda ya san da me take aunawa, sun dai lura cewa kafin ta ce a saki yaro takan sa shi ya tsaya a bakin taga ya buɗe mata tafin hannu.

Da tafiya ta yi tafiya sai ta daina fara magana. Takan zauna ta harɗe hannu ta ce su kawo nasu, ta koya musu lura da wanda ya daina tambaya, da wanda ya koma cin abinci shi kaɗai, da wanda rubutunsa ya ƙanƙance. Ta sha faɗa musu cewa ba ta son makarantar da ke tsaye a kan idon mutum ɗaya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 sau da yawa sukan riga ta ambaton sunan da ke bakinta, kuma ya zama da wuya a ji yaro ya shiga makarantar bai fita da takardar kammalawa ba.

Al'amarin Shekarar 1993

A zangon ƙarshe na 1993, jarrabawar fita na ƙaratowa, ta hau dandamalin taron safe ta dubi layin ajin ƙarshe na kimiyya, sai ta ga layin gaba ɗaya ya koɗe, daga na gaba har na baya, har da 'yarta, ta uku a cikin 'ya'yanta, da ke tsakiyarsu. Layin hagu da na dama suna nan da launinsu. Ta ƙarasa jawabinta, ta sauko ta kira Da'ira ba a ranarta ba.

Wannan karon Da'ira ba ta samo komai ba. Ajin shi ne mafi hazaƙa da makarantar ta taɓa yi, yara masu raha da son juna. Ta soke ziyarar da aka shirya musu zuwa madatsar ruwa. Ta sa aka wanke tankin ruwan sha, mai jinya ta duba su ɗaya bayan ɗaya, magini ya hau ya duba rufin ajinsu, daga baya ma ta canza musu aji. Duk da haka kullum ƙara koɗewa suke, har ya zama a gida ba ta iya duban 'yarta idan ana cin abinci.

Ranar jarrabawar gwajin sinadarai, wadda dole a ɗakin gwaje-gwaje za a yi ta saboda a nan bututun gas da kayan aiki suke, ta tsaya a bakin ƙofar makaranta kamar kullum. Malamin kimiyya ya shigo, ta ga ya koɗe, alhali jiya da launinsa. Mai kula da ɗakin gwaji ya shigo, shi ma haka. Can sai ga motar hukumar jarrabawa, jami'in da aka turo ya fito, baƙon da ba ta taɓa gani ba, kuma tana hango murfin motar ta cikin ƙirjinsa. A nan ta gane cewa abin ba a jikin yaran yake ba. Duk wanda zai shiga ɗakin nan a safiyar nan ne.

Ta karɓi makulli daga hannun mai kula da ɗakin, ta kulle ƙofa, ta sa aka kawo mata kujera ta zauna a bakinta. Ɗalibai suna jere cikin fararen rigunansu na gwaji.

Jami'in ya ce, "Shugaba, lokaci na tafiya. A buɗe mana."

Ta ce, "Yau ba mai shiga ɗakin nan."

"Wani abu ya lalace ne a ciki?"

"Ban sani ba."

"To a kan me?"

"A kan ni ce shugabar makarantar nan, kuma na ce a'a."

Ya yi mata bayani cikin ladabi, daga baya cikin fushi, cewa a lokaci guda ake yin wannan jarrabawa a ko'ina, ba a ɗage ta don makaranta ɗaya, kuma wanda bai yi ta ba ya yi asarar shekara. Mataimakinta na karatu ya durƙusa kusa da kujerar ya ce a hankali, "Ranki ya daɗe, ko dalili ɗaya ki ba mu mu riƙe." Ta ƙara damƙe makullin a hannunta. 'Yarta ta fito daga layi hawaye na zuba ta ce, "Mama, don Allah." Ta dube ta ta ce, "A nan Shugaba nake. Koma layi." Jami'in ya nemi a kawo guduma a ɓalle kwaɗon, mai gadi ya ce shi hannunsa ciwo yake. Malamin kimiyya, wanda ya fi kowa wahala a kan ajin, ya kuma daɗe yana zama a Da'ira, ya tsaya yana duban inda idonta ke sauka. Daga nan ya cire farar rigarsa ya naɗe, ya zauna a kan dakali kusa da ita.

Haka aka zauna cikin rana har lokacin jarrabawar ya fita. Jami'in na liƙe ambulan ɗin tambayoyin da ba a taɓa ba, sai ta ga launi yana dawo masa a yatsu. Ta bi layin da kallo, yara na kuka, wasu na zaginta ƙasa-ƙasa, kowannensu yana cikowa daga hannu zuwa fuska. Ta miƙe ta damƙa wa mataimakinta makullin, ta ce ya sallami kowa.

Bincike da Sauke Ta

Hukumar ilimi ta kafa kwamitin bincike. Injiniyoyi suka duba bututun gas da wayoyin lantarki da rufi da kwalaben sinadarai, ba su sami aibi ko ɗaya ba, kuma a zango na gaba aka ci gaba da amfani da ɗakin lami lafiya. Da aka nemi hujjarta, abin da ta ce kawai shi ne ba ta yarda da ɗakin ba a ranar. Iyaye suka yi cincirindo a ƙofar makaranta suna neman a kore ta, a cikinsu har da waɗanda ta taɓa ceto musu 'ya'ya. A ƙarshen shekarar aka sauke ta, aka mai da ita ofishin rarraba littattafai, wani ɗaki marar taga, inda ta zauna har ta yi ritaya a 2004. 'Yan ajin sun sake jarrabawa a 1994, mafi yawansu suka ci, amma wasu ba su yafe mata ba. 'Yarta ta tattara kayanta ta koma gidan gwaggonta, kuma shekaru masu yawa babu abin da ke haɗa su sai gaisuwa.

Sai a 2003, a walimar ritayarsa, mai kula da ɗakin gwaji ya ambata a cikin hira cewa washegarin ranar, da ya buɗe ƙofa, ya tarar da tsaka sun zubo daga rufi matattu a kan kowane tebur, tsuntsayen da suka yi sheƙa a saman taga su ma a mace, babu wari, babu alamar komai. Ya ce ya share ne ya zubar don kada 'yan kwamiti su tarar da ɗakin da ƙazanta. Aka shiga wata maganar, kuma ba a sake buɗe binciken ba.

Tsarinta kuwa bai bi ta ba. Magajinta ya soke Da'ira a zangonsa na farko, sai malamai suka ci gaba da jera kujerunsu a gindin bishiya bayan an tashi, har ya haƙura ya mayar da ita cikin jadawali. Daga baya makarantu da dama suka kwaikwayi tsarin, yawancinsu ba su san daga inda ya samo asali ba.

Shekarun Tsufa

A farkon 2009 ta matsa wa maigidanta su je asibiti a duba shi, alhali bai yi kukan komai ba. Ya dube ta ya yi murmushi ya ce, "Malama, ban fa tambaye ki ba." Ta ce, "Ni ma ban ce komai ba." Likitoci suka tarar zuciyarsa ta gaji, aka yi iya abin da za a yi, ya rasu kafin shekarar ta fita.

Daga 2011 yanar ido ta fara rufe mata gani, duniya gaba ɗaya ta dusashe. Ta ƙi a yi mata aiki, ta ce wa babbar 'yarta, "Yanzu kowa ya koɗe, don haka ba na ganin kowa. Ku bar ni in huta." Sai a 2016, bayan ta faɗi a matakala ta goce ƙugu, 'ya'yanta suka rinjaye ta. Ranar da aka cire mata bandeji su biyar suna tsaye a gefen gado. Ta bi su da kallo daga babba zuwa ƙasa, tana gyaɗa kai, har ta iso kan autanta, wanda ya ɗaga waya zai ɗauke ta hoto yana tsokanarta cewa yau za ta ga munin da ta haifa. Ta daɗe a kansa. Sannan ta ce a ba ta ruwa.

Autan shi ya gaji shagon hoton mahaifinsu a lokacin da mutane suka daina zuwa shago ɗaukar hoto. Aurensa ya mutu, ya koma kwana a shagon, amma shi ne mai ba kowa dariya a gidan, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce lafiya lau.

Da aka sallamo ta, ta tara manyan huɗun a ɗakinta, ta sa aka jera kujeru a zagaye aka rufe ƙofa. Ta ɗora wa babbar kai autan wurin likita ko yana so ko ba ya so. Ta ce na biyun ya nema masa aikin da zai riƙa fita cikin mutane. Ta huɗun kuwa, ta ce mata a gidanta zai riƙa cin abinci, ba aikawa za a yi ba. Ta juya ga ta ukun ta ce, "Ke ce mai riƙo. Kullum ki gan shi ido da ido."

Ta ukun ta ce, "Mama, me kika gani?"

Mahaifiyar ta kawar da kai, ta ukun ta sake tambaya.

"To waccan ranar fa, a bakin ɗakin gwaji, me kika gani?"

Ta ce, "Tubalin bango na gani ta cikin kafaɗarki."

A nan ne babbar ta faɗa wa ƙannenta abin da mahaifinsu ya bar mata amana. Ta ukun ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa ta jingina kanta da gwiwar mahaifiyarta, aka ci gaba da zaman.

Bayan haka, duk lokacin da autan ya zo gaishe ta takan sa shi ya tsaya a bakin taga ya buɗe tafin hannu, shi kuma yana dariya yana cewa Mama ta koma duba. Ba ta taɓa cewa a sake shi ba. A farkon 2017 shanyewar jiki ta ɗauke mata magana.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi mata rasuwa da hantsin wata ranar damina ta shekarar 2017, a ɗakinta, tana da shekara saba'in da uku. An yi jana'izarta a ranar, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan tashar jirgi, kusa da kabarin maigidanta. Jama'ar da ta halarta ta cika titin har bakin kasuwa, a cikinsu akwai malamai da tsofaffin ɗalibai, da da yawa daga cikin 'yan ajin kimiyya na 1993, waɗanda a iya sanin masu wannan tarihi babu ko ɗaya da ya riga ta barin duniya. Makarantar ta tashi da wuri a ranar, kuma a zaman Da'ira na makon an bar kujera guda babu kowa a kai.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar da jikoki goma sha huɗu. Babbar likitar yara ce. Na biyun injiniyan ruwa ne. Ta ukun malamar kimiyya ce, kuma a yau ita ce mataimakiyar shugaba mai kula da walwalar ɗalibai a makarantar da aka sauke mahaifiyarta. Ta huɗun ita ta riƙe shagon ɗinkin kakansu. Autan yana koyar da ɗaukar hoto a sashen sana'o'i na wata sakandare, kuma har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi yana raye, ya yi ƙiba, yana yawan ƙorafin cewa yayyensa sun hana shi sakat, ko tafiya ya yi sai ya tarar da ɗaya daga cikinsu a tasha. Babu wanda ya gaya masa dalili. A cikinsu babu mai idon da zai ce musu launinsa ya dawo, saboda haka ba su sake shi ba.